Masu Facin Tamriel: Tarihin Kwaskwarimar Wasannin Elder Scrolls

A ranar 11 ga Nuwamba 2011 kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland ta Amurka ya fitar da Skyrim, kashi na biyar a jerin wasannin kwamfuta na The Elder Scrolls. Ɗan wasa yakan shiga rigar jarumi a wata ƙagaggiyar nahiya mai suna Tamriel, ya ratsa duwatsu masu ƙanƙara, ya koyi tsafi ko sara da takobi, ya gwabza da dodanni masu fuka-fuki da aman wuta. Zuwa 2023 jagoran aikin, Todd Howard, ya ce an sayar da kwafi sama da miliyan 60. Wasa kan tsufa cikin shekara biyu ko uku, amma wannan ya ƙi tsufa, kuma babban dalili shi ne masu kwaskwarima: mutanen da ba ma'aikatan kamfani ba, waɗanda suke buɗe cikin wasan su sauya abin da suka ga dama, sannan su ɗora a intanet kowa ya sauke. Wanda ya san harkar daga nesa yakan ɗauka shagala ce kawai, domin abin da ya fi yawo a bidiyo shi ne irin kwaskwarimar 2013 da ta mayar da dodannin wasan su zama Thomas, jirgin ƙasan nan mai fuska na shirin yara. Tarihin sana'ar bai nuna haka ba. Fiye da shekara 20 ke nan, abin da 'yan wasa suka fi nema kuma suka fi saukewa shi ne faci da kayan aiki, wato abin da zai toshe ɓarakar da kamfani ya bari da abin da sauran kwaskwarima za su tsaya a kai. Wanda ya gane wannan zai gane abin da ya sa duk wani yunƙuri na mayar da sana'ar kasuwa ya sha wahala.

Al'adar ta girmi Elder Scrolls. Lokacin da kamfanin id Software ya fitar da Doom a 1993, ya raba injin wasan da fayilolin da ke ɗauke da taswira da hotuna da sauti, ta yadda mutum zai iya musanya waɗannan ba tare da ya taɓa injin ba. Daga irin wannan ƙofa wasan Counter-Strike ya fito a 1999, a matsayin kwaskwarimar da mutum biyu suka yi wa wasan Half-Life. Bethesda ya shigo daga baya, kuma ya shigo ne a cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, bayan wasanninsa biyu na ƙarshen shekarun 1990, Battlespire da Redguard, sun gaza a kasuwa. Da ya zo fitar da Morrowind, wani kashi na jerin Elder Scrolls, a watan Mayun 2002, sai ya saka faifai na biyu a cikin kwalin, ɗauke da Construction Set, manhajar da ma'aikatansa suka gina duniyar wasan da ita. Abin da ya fi kyautar muhimmanci shi ne tsarin da aka bi. Ainihin wasan yana zaune a cikin babban fayil guda, kowace kwaskwarima kuma ƙaramin fayil ce da ake lodawa a bayansa, wadda ba ta ƙunshi komai ba sai bambancin da take son kawowa. Saboda haka mutum yana iya tara kwaskwarima goma ko ɗari na mutane daban-daban a kan wasa ɗaya, har zuwa iyakar fayil 255 da injin yake iya ɗauka. A Doom kowa yakan gina taswirarsa shi kaɗai. A Morrowind aikin wani yana haɗuwa da na wani a cikin gari ɗaya, wani lokaci a cikin ɗaki ɗaya.

Nan matsalar da ta zama uwar sana'ar ta ɓullo. Idan fayil biyu suka taɓa abu guda, wanda aka loda a ƙarshe shi ke rinjaye, na farkon ya shafe. Wani ya sauya fuskar mai shago, wani ya sauya kayan da yake sayarwa, sai ɗan wasa ya tarar da guda ɗaya kawai ya yi aiki, ko kuma ya tarar da gida a tsakiyar wani gida. Tun a shekarun farko, waɗanda suka fi daraja a cikin masu kwaskwarima su ne masu rubuta kayan sulhu: manhajojin da ke jera fayiloli yadda ba za su yi karo ba, da masu haɗe jerin kaya, da masu tsabtace ajiyar wasa idan ta gurɓace. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka sani da laƙabin Wrye, ya rubuta Wrye Mash don Morrowind da Wrye Bash don Oblivion, wasan da ya biyo bayansa. Shi ne kuma ya rubuta wata maƙala da har yau ake kafa hujja da ita, inda ya raba masu sana'ar gida biyu: masu ganin aikin a matsayin ginin babbar majami'a da kowa yake ɗora dutsensa ya bar shi nan har abada, da masu ganin sa a matsayin falon mutum, wanda zai gayyaci baƙi su kalli fasaharsa kuma ya rufe ƙofa ranar da ya so. Abin da jama'a suka fi nema a Morrowind kuwa ba boyayye ba ne. Sun nemi fuskoki da jikuna da ba su yi kama da gumakan katako ba, sai aka yi Better Heads da Better Bodies. Sun nemi a rage musu jarabar wasu tsuntsaye da ke far wa matafiyi ko'ina ya nufa. Sun nemi facin kurakuran da kamfani ya daina kulawa da su. A wannan zamani ne kuma wani matashi ɗan Ingila, Robin Scott, ya buɗe shafin masoya Morrowind a 2001, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Nexus Mods, rumbun da akasarin wannan aiki yake zaune a yau.

Oblivion ya fito a watan Maris 2006, kuma shi ne ya fara nuna cewa jerin kwaskwarimar da aka fi so tamkar takardar koke ce da 'yan wasa suke rubuta wa kamfani. An tsara wasan ne da na'urar Xbox 360 a zuciya, don mutumin da ke zaune nesa da talabijin, saboda haka rubutun ya zama manya-manya, jakar kayan jarumi kuma ba ta nuna sai abubuwa ƙalilan a lokaci guda. Masu kwamfuta, da hancinsu yake kusa da allo, suka yi ta gungurawa har BTmod da DarNified UI suka zo suka rage rubutun. Koke na biyu ya fi zurfi. Kamfanin ya sa abokan gaba su riƙa ƙaruwa da ƙarfi daidai da ƙaruwar jarumi, har ta kai ɗan fashin kan hanya yana tare mutum yana neman 'yan tsabobi alhali sulken da ke jikinsa ya isa ya sayi gari. Jorge Salgado ya warware wannan da Oscuro's Oblivion Overhaul, wanda ya mayar da wasu wurare masu haɗari tun daga farko, wasu kuma masu sauƙi har ƙarshe, kuma daga baya kamfanin Obsidian ya ɗauke shi aiki. Sai facin da ba na kamfani ba, wanda ya gyara dubban kurakurai, daga dutsen da ke rataye a iska zuwa aiken da ba ya kammaluwa. A shekarar ne kuma abubuwa biyu suka faru da suka bar tabo. A watan Afrilu kamfanin ya sayar da sulken doki a kan dala 2.50 ga masu Xbox, abin da ya zama abin ba'a shekara da shekaru, domin jama'a suna ganin ninkinsa kyauta a hannun masu kwaskwarima. A watan Mayu kuma hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ɗaga matakin Oblivion daga na matasa zuwa na manya, saboda yawan jini da kuma wata kwaskwarima da ta tono hoton tsiraici da ke kwance a cikin fayilolin wasan. Wannan ya tunatar da kamfanoni cewa abin da wani ya yi da kayansu yana iya dawowa kansu.

Makonnin farko na Skyrim sun isa hujja su kaɗai. Bethesda bai saki manhajar kwaskwarimarsa, Creation Kit, ba sai watan Fabrairun 2012, amma jama'a ba su jira ba, kuma abin da suka fara yi yana faɗin abin da ya fi damun su. Wasan ba ya iya amfani da fiye da gigabait 2 na ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana yawan mutuwa a tsakiyar tafiya, sai wani ya fito da ɗan abin da ya buɗe masa gigabait 4. Kafin shekarar 2011 ta ƙare kamfanin ya saka wannan gyara a facinsa na hukuma. Wani facin na kamfanin da kansa ya sa dodanni suka riƙa tashi da baya. Jakar kaya ta sake zuwa a tsarin mai riƙe abin wasa a hannu, ba mai linzamin kwamfuta ba, sai SkyUI ya fito cikin makonni kaɗan da jadawalin da ke nuna nauyi da daraja da ƙarfin kowane kaya, a kuma iya jera su ko a bincika da suna. A ƙarƙashinsa akwai SKSE, wadda ba ta ƙara ko takobi ɗaya a wasan. Aikinta shi ne faɗaɗa umarnin da injin yake fahimta, don masu kwaskwarima su iya yin abin da kamfani bai tanada ba. Daga baya SkyUI ya kawo shafin saiti da ɗaruruwan sauran kwaskwarima suka rataya a kai. Aka sake yin facin da ba na kamfani ba, wanda wani mai laƙabin Arthmoor ya jagoranta shekaru masu yawa. Shi ne kuma ya yi kwaskwarimar da ke ba mutum damar tsallake doguwar buɗewar wasan, wadda ake ɗauko jarumi a ɗaure cikin keken doki zuwa wurin sare kai, domin wanda ya fara wasan karo na goma ba ya son sake zaman wannan keke. Duk wanda ya duba saman jerin abubuwan da aka fi saukewa a Nexus zai tarar da SkyUI da wannan faci da ire-irensu, tare da masu gyara ƙananan abubuwa kamar igiya da sarƙa da kwanon abinci, da mai zana hanyoyi a taswira.

Abin da wannan ya haifar shi ne gini mai hawa-hawa. Mai yin kwaskwarimar sanyi da yunwa, irin Frostfall da ta sa ƙanƙarar Skyrim ta zama abin da ke iya kashe matafiyi, yana dogara da shafin saitin SkyUI, shi kuma yana dogara da SKSE, ita kuma mutane ƙalilan ne suke kula da ita a lokacin hutunsu. Mai ɗinka wa jarumai sababbin tufafi yana auna su ne a kan jikin da wani ya sassaƙa, mai sabon salon sara da takobi yana buƙatar manhajar wani don motsin ya shiga wasan. Abin ya fi kama da aikin gayya, inda ba mai iya nuna kunya ɗaya ya ce gumina ne ni kaɗai, kuma ba a biyan kowa da kuɗi sai da suna da sanin cewa gobe za a zo gonarsa. Ba wai babu son kai a ciki ba. Rigingimu kan izini da satar aiki sun cika tarihin sana'ar, kuma mutanen falo ba su taɓa ƙarewa ba. Amma hatta mai tsananin kishin aikinsa ya gina shi ne da kayan da wasu suka bayar kyauta.

Za a iya cewa wannan hujja ta alƙaluman saukewa yaudara ce. Mutum yana sauke SKSE ne ba don yana ƙaunarta ba, sai don abin da yake so ba zai yi aiki ba tare da ita ba, kamar yadda ba a cewa batir ne abin da aka fi so a cikin waya. Akwai gaskiya a nan, kuma ta fi ƙarfi idan aka tambayi 'yan wasa abin da suke mafarki, domin amsarsu ba faci ba ce. Sukan ce suna son buga Skyrim tare da aboki, suna son sauran lardunan Tamriel da ba a gina ba, suna son tsofaffin wasannin a cikin sabon inji. Sai dai ƙorafin bai rushe batun ba, ƙarfafa shi ya yi. Idan kowane abin sha'awa yana buƙatar waɗannan kayan, to su ne ƙashin bayan sana'ar, kuma rashinsu ne ake fara ji. An gwada wannan a fili a 2016, lokacin da Skyrim Special Edition ya fito da sabon inji mai ɗaukar ƙwaƙwalwa da yawa. Wasan ya fi tsohon kyau da ƙarko, amma dubban masu kwamfuta suka ƙi ƙaura, suka zauna a tsohon kusan shekara guda, har sai da aka sake rubuta SKSE aka kuma kawo SkyUI. Akwai kuma mai cewa ainihin abin da ke jan jama'a shi ne kwaskwarimar jikin mata, wadda wasunta tsiraici ne ƙarara. Ba a musun yawanta, tana nan kusa da saman jerin, kuma ta ba sana'ar sunan da masu ita da yawa ba sa alfahari da shi. Amma wanda bai taɓa kusantar wannan ɓangare ba ma yana da faci da SkyUI a kwamfutarsa, wanda ya kusance shi kuma bai tsira daga buƙatarsu ba.

Su kansu manyan mafarkan, tarihinsu yana koyar da wani abu game da nisan da ke tsakanin so da samu. Tamriel Rebuilt, aikin gina babban yankin Morrowind da wasan 2002 ya bari ya tsaya a tsibiri ɗaya, ya faro tun 2001 kuma har yanzu ana kansa, ma'aikata suna shiga suna fita. Skyblivion, mai neman sake gina Oblivion a injin Skyrim, ya haura shekara goma ana yi, har kamfanin ya riga shi da nasa sabon Oblivion a watan Afrilun 2025, ya kuma raba wa 'yan ƙungiyar kwafi kyauta. Waɗanda suka kammala sun zama tarihi: Falskaar, sabuwar ƙasa da Alexander Velicky ya fitar a 2013 yana ɗan shekara 19, wadda ta sama masa aiki a kamfanin Bungie, Enderal na ƙungiyar SureAI ta Jamus a 2016, wanda sabon wasa ne cikakke da ya ari injin Skyrim kawai, da The Forgotten City na Nick Pearce, lauya ɗan Ostareliya, wanda ya ci kyautar ƙungiyar marubutan ƙasarsa kafin ya zama wasa mai zaman kansa a 2021. Aikin ba da damar buga Skyrim tare da aboki, abin da aka fi roƙo, bai kammala ba sai 2022, kuma abin da ya kusa kashe aikin a 2019 shi ne zargin da masu SKSE suka yi cewa an ɗauki rubutunsu ba izini, a daidai lokacin da ƙungiyar masu aikin ke karɓar dubban daloli a wata daga magoya baya. Sai da aka sake rubuta shi.

Wannan zargi ƙaramin misali ne na abin da ya faru a watan Afrilun 2015. A ranar 23 ga watan, kamfanin Valve mai kasuwar Steam, tare da Bethesda, ya buɗe wa masu kwaskwarimar Skyrim damar sa wa aikinsu farashi. Rabon shi ne kashi 25 cikin ɗari ga mai aikin, 30 ga Valve, 45 ga Bethesda. Kafin kwana ɗaya ya cika aka janye ɗaya daga cikin kayan da aka buɗe kasuwar da su, wata kwaskwarimar kamun kifi ta mai Frostfall, saboda ta dogara da aikin wani da bai yarda a sayar da shi ba. Wasu suka fara sauke aikinsu daga Nexus don tsoron kada wani ya kwashe ya kai kasuwa. Da aka ji cewa sabon SkyUI zai zama na kuɗi, hankali ya ƙara tashi, domin abin da ɗaruruwan kwaskwarima suka rataya a kai ne ake shirin sa wa ƙofa. Takardar koke ta tara sa hannu fiye da 130,000, kuma a ranar 27 aka rufe kasuwar aka mayar wa masu saye kuɗinsu. An sha bayyana wannan a matsayin rowar 'yan wasa da suka saba da banza. Rowar tana nan, da zagi da barazanar da aka yi wa wasu masu kwaskwarima, abin da ba shi da wata kariya. Amma ko da kowa ya yarda ya biya, tsarin ba zai tsaya ba, domin ya ɗauki kowace kwaskwarima a matsayin haja mai mai ita guda, wadda ke aiki ita kaɗai. Wa zai biya mai facin da ya sa wasan ya daina mutuwa har aka samu damar kamun kifin? Wa zai ɗauki alhaki idan abu biyu da aka saya suka yi karo bayan wa'adin mayar da kuɗi na awa 24 ya wuce? Kasuwar ta saka lada a saman ginin, inda ado yake, ta bar harsashin ba komai, alhali harsashin ne aka fi buƙata.

Mai adalci zai ce duk da haka aiki aiki ne, kuma wanda ya ba da shekarunsa ya cancanci ya ci guminsa. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace nauyi, kuma tarihi bai ƙaryata ta ba. Ya dai nuna hanyoyin da suka dace da siffar sana'ar da waɗanda ba su dace ba. A 2017 Bethesda ya dawo da Creation Club, inda yake ɗaukar masu kwaskwarima kwangila, ya biya su, ya gwada aikin, ya sayar da shi da sunansa, da sharaɗin ya zama sabo kuma bai jingina da kayan kowa ba. Wannan ya kauce wa rigimar mallaka, amma farashinsa shi ne abin da ake sayarwa ya zama ƙanana, takobi da sulke da ɗan gajeren aike, ba irin abin da ke saman jerin buƙatu ba. A 2018 Nexus ya fara raba wani kaso na kuɗin shigarsa ga masu aiki gwargwadon yawan waɗanda suka sauke, tsarin da aƙalla yake kai lada inda amfani yake. A ƙarshen 2023 Bethesda ya sake buɗe sayarwa ga waɗanda ya tantance, kuma hayaniyar ba ta kai ko kusa da ta 2015 ba, saboda a wannan karo ba a taɓa harsashin ba. Abin dariya shi ne kamun kifin da aka fara rigima a kansa, kamfanin ya ba da nasa kyauta a 2021, tare da tsarin sanyi da yunwa mai kama da na Frostfall.

Ƙorafi na ƙarshe ya fito ne daga ɗaya ɓangaren: cewa wannan duka ci da gumin jama'a ne, kamfani yana sakin wasa da ɓaraka don ya san akwai masu toshewa kyauta. Hujjar tana da tushe, domin akwai kurakuran da facin jama'a ya gyara tun shekarun farko amma aka sake sayar da wasan a 2016 da 2021 suna nan. Sai dai ba ta bayyana komai ba. Na farko, akasarin masu sayen Skyrim a farkonsa a Xbox 360 da PlayStation 3 suka buga shi, inda babu kwaskwarima ko ɗaya, saboda haka kamfanin bai isa ya jingina cinikinsa da ita ba. Na biyu, da yawa daga abin da ake kira gyara zaɓi ne. Jakar kaya mai manyan haruffa daidai take ga mai zaune a kujera nesa da talabijin, abokan gaba masu girma tare da jarumi kuma suna sauƙaƙa wa sabon shiga. Kamfani yana yin wasa ɗaya don miliyoyi, kwaskwarima ce take ba kowane rukuni nasa. Hatta facin da ba na kamfani ba an sha jayayya a kansa, wasu suna zargin ya wuce gyaran kuskure ya shiga sauya abin da masu wasan suka yi da gangan. Wannan jayayya da kanta shaida ce cewa faci ya zama mulki, kuma wanda yake riƙe da shi yana yanke wa dubban mutane hukuncin yadda wasansu zai kasance.

Tambayar mallaka ba ta tsaya tsakanin jama'a da kamfani ba. A 2021 Nexus ya sanar cewa mai kwaskwarima ba zai ƙara iya goge fayilinsa gaba ɗaya ba, sai dai ya ɓoye shi, saboda ana shirin kawo tarin kwaskwarima da mutum zai sauke a dunƙule, kuma fayil ɗaya idan ya ɓace tarin ya rushe. Aka ba da wata guda ga mai son ficewa, wasu sanannu kuwa suka kwashe kayansu suka tafi. Tsohuwar gardamar majami'a da falo ce ta dawo, sai dai a wannan karo mai rumbun ne ya yanke ta, kuma shi ma kamfani ne mai cin riba. A watan Nuwamban shekarar Bethesda ya yi bikin cikar Skyrim shekara goma da sabon faci, wanda ya sauya cikin wasan ta yadda duk kwaskwarimar da ke shiga injin ta hanyar SKSE ta daina aiki sai an sake gina ta, masu wasu kuma sun daɗe da barin sana'ar. 'Yan wasa suka riƙa koya wa juna yadda ake hana Steam sabunta wasan, aka kuma fito da manhajar da aikinta kawai shi ne mayar da Skyrim daga fitowa ta 1.6 zuwa ta 1.5.97, wadda mutane suka yi ta saukewa a watannin da suka biyo baya.